Ta'aziyyar Tsaye

Tun da Jalaluddeen ya dawo daga karatu a Ingila, kunnuwanmu a Ƙofar Marke ba su huta ba. Mutum ne da ko ruwa zai roƙa sai ya yayyafa masa Turanci. Burinsa ɗaya ne, Malam Attahiru, dattijon unguwarmu, ya ara masa babban zaurensa ya buɗe ajin koyar da Turanci. Malam ya ce zai duba, kuma kowa ya san saura ƙiris ya amince.

Gogan naku bai jira zaure ba. A bencin mai shayi ya fara koyarwa, ba wanda ya roƙe shi. Rannan darasin a kan "drop in" ne.

"Ma'anatta ka leƙa wurin mutum ba sanarwa, ku gaisa, ka wuce," in ji shi, yana kaɗa ƙafa. "Ana hwaɗinta ga aboki, ana hwaɗinta ga ohis. Mu ko sai mu ɓata yini muna tambayar gajiya. Shi as sa munka koma baya."

Ni dai tsaki na ja, na shanye shayina.

Ba a jima ba ƙanen Malam ya rasu. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, manya da yara muka zauna makoki. Da la'asar sai ga Jalaluddeen. Ya bar mota a kunne, ya tako har bakin tabarma da takalminsa mai ƙyalli. Bai tuɓe ba, bai durƙusa ba. Daga tsaye ya miƙa wa Malam hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya.

"Malam, ya haƙuri? Allah shi jiƙanai."

"Zamna mu yi mai addu'a," Malam ya ce.

"Wallahi leƙowa kawai niy yi, ina sauri. Af, Malam, zancen zauren ga hwa?"

Wallahi kunya ta rufe ni kamar ni na faɗa. Daga zauren nan aka fito da gawar da safe.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon takalmin.

"Ɗiyan mutane za ka karantarwa ciki?"

"Ƙwarai, Malam."

"To, ba zaurena ba."

Jalaluddeen ya waiwaya yana neman mai sa baki. Liman ya ce Fatiha, duk muka ɗaga hannu, muka bar shi a tsaye.