Tuffar da Nettie Ta Hana a Tsinke

A wani gari na gindin dutse, da kaka ta kama sai maƙwabta su bi gida-gida da tsani, su tsinke tuffa kakaf, don kada ƙanshi ya janyo beyar, ƙaton naman dajin nan mai haɗari, cikin gari. Kowa ya ba da kai ban da tsohuwa Nettie Zaitsoff, wadda taurin kanta ya fi ƙarfin ƙafafunta. Ta ce bishiyar bayan gida ba mai taɓa ta.

Dalilinta wata baƙar beyar ce ramammiya mai ɗa guda, da ke zuwa cin tuffar da hantsi. Nettie kan zauna bakin taga tana kallonsu, tana yi wa uwar faɗa in ta cinye ta bar ɗan. Tun rasuwar mijinta ba ta sami baƙin da suka faranta mata haka ba.

Dale, ma'aikacin gandun daji, wanda a gabanta ya girma, ya zo ya nuna mata alamar roba a kunnen uwar. Ya ce an taɓa kama ta a gari aka kai ta nesa, kuma mai wannan alama in ta sake sabawa da mutane, harsashi ne.

"Kai ɗan nan, yaushe aka yaye ka?" in ji ta. "Sanyi na tafe, da me za ta kwanta dogon barcinta na hunturu? Da dokarku?"

Ya yi magiya ta bari a tsinke tuffar har ya gaji.

Sabo turken wawa. Da tuffar ta ƙare, beyar ta bi ƙanshin girki, ta ɓalle ƙofar maƙwabta da rana tsaka, yara na ciki. Ba wanda ya ji rauni, amma aikin gama ya gama. Dale ne ya harbe ta.

Da yamma ya zo, hula a hannu. Nettie ta yi kuka sosai, don ta san da hannunta a ciki, shi kuwa bai ce ai na gaya miki ba. Ya dai ce ɗan yana raye, an kai shi gidan renon marayun dabbobi, za a sake shi daji in ya yi ƙwari.

Ta share hawaye, ta ce ya kai ta ta gan shi, ko sau ɗaya.

"Ba a zuwa, Inna," ya ce a hankali. "Masu ba shi abinci ma ɓuya suke yi. In ya saba da fuskar mutum, ni za a sake kira."