Gayyar Habsu a Kan Tudun Rairayi

…kuma ba zan sauka ba. Su yi ta kallo daga rumfar mai gari, ai don su gani na hau. Ni Habsu, ɗiyar Tahiru tsohon soja, da damin rassan kalimbo na shinge a kaina, a bisa tudun rairayin da ya rantse sai ya cinye mana kwari. Gwiwata tana ƙara. Ta yi ta yi, wa ya tambaye ta?

Gayya na kira, Baba. Gayya irin ta da. Jiya na sa aka yi shela gida-gida: iskar shekaranjiya ta kwantar da shingen da muka kafa don tare rairayi, kowa ya fito da hantsi mu tada shi. Mai gayya shi ke ciyarwa, ban manta ba. Na yanka jar akuyata, ita ke nan ta rage mini, ita ke ba ni nonon fura. Ga tukunyar can ƙasa a bakin rijiya, daga nan ina hangen hayaƙinta… tuwon da zai ƙosar da rabin gari. Hantsi ya yi, ya wuce. Ba wanda ya taka.

Bayan azahar Burahima mai gari zai yanke magana. Wai a tashi. A kwashe kowa a koma bakin kwalta kusa da garin Gure, a bar dabinai, a bar rijiyoyi, a bar fadamar rogo da albasa. Har an yi maganar kamiyo, babbar motar da za ta kwashi kaya. Kamiyo! Kai kuma fa, Baba? Kai da ke kwance a kabarinka can gabas da masallaci, a wane kamiyo za a saka ka?

Haƙa rami. Jera kalimbo, tsaye, kai da kai. Tura rairayi, take da ƙafa — take sosai, Habsu, kada iska ta sami ƙofa. Haka.

Ina tuna ka, Baba, kana zaune kan buzunka, lambar nan ta soja a ƙirjin tsohuwar riga, kana murza goro a gwangwani tunda haƙora sun tafi… “Habsu, lokacin yaƙin Nasara akwai wani tsoho.” Kullum haka kake farawa. Ko sunansa ban riƙe ba. Kai ma ba ka taɓa ganinsa ba, muryarsa kawai kuke ji a rediyon bariki, wani ya fassara muku. Shugaban wata ƙasa, jirage na zuba wa birninsa wuta daga sama, manyansa na cewa a nemi sulhu, a miƙa wuya. Ya ƙi. Gari na wayewa sai ya ɗauki sandarsa ya fita ya taka kan gidajen da suka rushe, don mutane su gan shi da idonsu. Ka ce ba shi da wata dabara ranar, taurin kai kawai. Ka ce shugaba in ya rasa komai, kada ya rasa tsayuwa inda za a gan shi.

To ga ni, Baba. Ana gani na.

Madam Parzidan. Haka suke kira na, da ƴar dariyar nan a gefen baki. Su suka ɗaga hannu suka zaɓe ni shugabar kwamitin kwari, ba roƙonsu na yi ba — lokacin furoje, shirin nan na masu tallafi, na nan da fararen motocinsa, kowa na son a ce da shi ake yi. Furoje ya auna shinge da igiya ya biya mutane kuɗi, ya auna ya biya. Na ce da jami'insu mai tabarau, ɗana, wannan biyan zai kashe mana gayya. Ya yi murmushi ya rubuta. Yau ina yake? Sun naɗe tabarmarsu sun tafi, sun bar mini mutanen da ba sa ɗaga kara ɗaya sai sun ce me za a ba su. Mutanen da kakanninsu suka haƙa rijiyoyin nan da waƙa da tuwo! Tir. Wallahi tir da mu.

Wancan kore-koren da ke leƙowa daga rairayi, dabinon Inna ne. Da sai Alhasan ƙanena ya ɗaura igiya a ƙugu yake kai wa ga nonnansa. Yanzu in na miƙa hannu daga nan sai in taɓa ganyen. Rairayi ya kai masa wuya, amma bana ma ya yi ƴaƴa… bai ji labarin kamiyo ba, ba wanda ya gaya masa.

Wani dami. Wayyo bayana. Tashi, tsohuwa, ba yanzu ba.

Burahima ya ce, Yaya Habsu, ikon Allah ne, ba a faɗa da rairayi. Ikon Allah ne mana! Hannuwan nan biyu kuma ikon wa ne? Gefen yamma da muka killace bara waccan, ba ciyawa ce ta rufe shi ba? Ba ga ƴan itatuwan sun kai ƙugu ba? Ya tsaya, Burahima, tudun ya tsaya a can, da idonka ka gani. Gefe ɗaya iska ta kayar, sai ka ce duniya ta tashi. Sau uku ta kayar, na sani, ba sai ka ƙirga mini ba. In ta kayar na huɗu ma zan tada.

Biba…

A'a. Ba zan yi tunanin ƙawata Biba ba.

Tare aka yi mana kitso na farko, tare muka riƙa ɗiban kanwa a bakin tafki, ita ta riƙe ni ranar da na haifi Modu. Awakinta suka tsallaka shinge suka cinye dashen da muka sha wahalar ba shi ruwa, jarka bayan jarka. Doka ce, mu muka kafa ta: dabbar da ta shiga killace, a tsare ta. Na tsare na mai gari, na tsare na liman, zan bar na Biba? Ta zo ƙofar garken ta tsaya, ta dube ni. Jikokinta na gida ba nono. Na san da haka. Na kau da kai na ɗaure ƙofar. Tun ranar ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa mu ba. Kuma yau ma aka maimaita, haka zan yi — haka zan yi! Shugabanci ba kitso ba ne.

Rana ta take tsaka. Inuwar rumfa ta cika da hula, ga su can kamar ana rabon gado. Hayaƙin tukunyata ya yi siriri, itacen ya kusa cinyewa, ba mai iza wuta.

Tsohon nan naka, Baba… da ya gama takawa kan rusassun gidaje, wa ya kwashe duwatsun?

Tsaya. Wa ya kwashe?

Ƙeyarka. Tabon nan mai kauri inda gashi bai sake fitowa ba. Ina ƙarama ina shafawa, ka ce akwatunan harsashi ne, a ka kuke ɗauka, cikin laka, cikin sanyin da ke fasa yatsu. Kai ka ɗauka. Shi ya yi magana a rediyo, ku kuka ɗauka… Shekara da shekaru ina jin labarin nan, kullum shi nake kallo da sandarsa, ban taɓa juyowa na dube ka ba. Ya taɓa tambayarku ko kun gaji? Ni na taɓa tambaya? Na yi shela, na yi faɗa, na ɗaure ƙofar garke. Ban taɓa shiga ɗakin Biba na ce, ƴar'uwa, me jikokinki suka ci yau ba.

Ba kuka nake ba. Rairayi ne.

Wani ya fito daga bayan masallaci. Mace ce. Wannan ɗingishin na ƙafar hagu, ko cikin mata dubu na san shi. Ta nufi bakin rijiya… ta tsaya wajen tukunya… da wani abu a kanta. Dami ne? Ko ƙwarya ce ta kawo ta ɗebi tuwon tunda zai lalace? Idona ba ya rabewa, iska ta fara tasowa.

In ƙwarya ce, ki cika ta, Biba. Ki cika har baki, naman jar akuya ne, ki kai musu.

In kuwa dami ne —

Ga ladan ya gyara murya zai kira azahar. Ashe na zauna, hannuna ya ƙi ɗaguwa, ramin kuma saura rabi. Take, Habsu. Take da ƙafa, kafin ta ɗago kai ta gan ki zaune.