Sanƙon Uwaisu

Ku tambayi kowa, tun daga Wurno har bakin madatsar Goronyo, ina gidan Ƙasimu Wanzami, za a nuna muku. Shekara hamsin da biyar ina riƙe da aska, ban taɓa yanke kunnen ɗan kowa ba. Ban zauna aji ba ko na wuni ɗaya, amma masu digiri sun sunkuyar da kai gabana, na juya shi yadda nake so. Shekarar da ruwan Rima ya ci garuruwa, ni da zabirata munka kwana biyu bisa tsamiya. 'Yan bindiga sun tare mu hanyar Rabah, sunka riƙe ni daji kwana goma sha tara, na dawo da ƙafata. Har aski na yi wa babbansu, askata bisa maƙogwaronsa, shi ke rawar jiki ba ni ba.

Abin da na gani a kan mutumin nan da ya kwance rawani, har yau ban faɗa wa kowa ba. Haka sana'armu take. Ranar da ubana ya miƙo mini zabira, abu guda ya ce: duk abin da ke ƙarƙashin hula amana ne. Mai kora, mai tabon sara, mai shafa wa furfura baƙi, mai babbar riga da ƙwarƙwata, duk na san su a garin ga. Muna gaisawa a masallaci, ba wanda gabansa ke faɗuwa in ya gan ni.

Uwaisu shi ne autana. Malamin gona ne, shina aiki Rabah, kullum ya hau mashin da safe ya dawo bayan la'asar, don shi da matarsa Mahbuba cikin gidana suke, sashen gabas. Tun ranar sunansa ba wanda ya taɓa kansa sai ni. Kowace Juma'a da hantsi, kafin ya tafi aiki, zai shigo zaure, ya tuɓe hula ya aza bisa gwiwa, ya ce, "Baba, ga shi nan." Nan muke hirarmu. Abin da ba ya iya faɗa mini ido da ido, yakan faɗe shi in kansa na sunkuye ina bayansa.

Shina da shekara ashirin da bakwai na ga goshi ya fara shiga ciki ta gefe biyu, tsakar kai kuma ta fara haske. Na yi dariya. Na ce, "Barka, ka gaji ubanka. Sanƙo alamar arziki na. Dubi nawa, ko rana sai ta yi sallama kafin ta sauka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku naku da shekara nawa ya fara?"

"Ina da arba'in."

"To kun gani."

Ni ban ga komai ba. Mutumin da ke da hula goma, mi sanƙo zai rage masa?

Wata Juma'a na jiƙa sabulu, na wasa aska, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce daga yau almakashi yake so, kada a yi ƙwal-kwabo. Na ce almakashi na masu gyaran gemu ne, mi ya faru? Ya leƙa ƙofar zaure, ya ga ba kowa, sannan ya ciro abu biyu daga aljihu. Wata 'yar kwalba mai ruwa kamar kananzir, da takardar magani mai ƙwayoyi ƙanana, ko wake ya fi su.

Ya ce Sakkwato ya je wurin likitan fata. Na kwalba sunansa minoksidil, shafawa ake yi safe da yamma a busasshen kai, kuma ba a son a shafa shi kan rauni, shi ya sa ba ya son aska ta kankare fata. Na haɗiya kuwa finastaraid, guda ɗaya kullum, shi ke tare abin da ke cin saiwar gashi daga cikin jiki.

Na ce, "Kwana nawa ka warke?"

"Ba warkewa ba ne, Baba. Sai an yi wata huɗu zuwa shida kafin a ga alama. Kuma in an daina, sannu a hankali kai ya koma yadda yake."

"To wanga magani na ko aure?"

Nan ya ɗan murmusa. Na ce ba wani magani da ba ya da baya, mi ne bayan wanga? Ya ƙara sunkuyar da kai. Ya ce na shafawa yakan sa ƙaiƙayi da amosani. Na haɗiya kuma mace mai ciki ba ta taɓa shi in ya fashe, don yana iya cutar da ɗan cikin. Sannan likita ya gaya masa gaskiya, cikin mutum ɗari akan sami kaɗan da sha'awarsu ga iyali ke raguwa, mafi yawa in sun daina takan dawo, kuma ya ce in ya ji wani canji ya koma wurinsa.

"Kai ka ji?"

"Ban ji komai ba. Amma Baba, maganar ga tsakanina da ku ce. Mahbuba ta sani. Ko Inna ban gaya wa ba."

Na ce, "Wa kake gaya wa? Ni da na riƙe asirin ɗan bindiga?"

Na yi masa da almakashi, raina ba daɗi. Gidanmu mu ke ba mutane magani. Ƙaho, tsaga, cire belu, sassaƙe, tun kakan kakana. Yau ɗan gidan ya wuce zabirar ubansa ya tafi Sakkwato neman kwalba.

Bayan wata biyu abu ya ƙara lalacewa. In na shafa kansa sai gashi ya biyo tafin hannuna. Na nuna masa. Ya ce likita ya riga ya faɗa, da farko tsoho ke zubewa ya ba sabo wuri. Na ce, "Haka ɓarawo ke cewa, ajiya zai yi maka." Tsoro na ji, wannan gaskiya ce. Amma ban ɓoye muku ba, har da ɗan daɗi na ji, don na ga maganata za ta fito.

Sai ranar kasuwa ta zo. Ina inuwata ta kullum kusa da 'yan albasa, mutum shida ko bakwai na jiran layi, ga 'yan kabu-kabu sun jingine mashina suna shan inuwa. Bube ne ke ƙarƙashin askata, dillalin shanu, abokina tun muna samari, bakinsa ya fi askata kaifi.

Ya ce, "Wanzami, na ga autanka wurin alwala jiya. Tsakar kai kamar faifan da kaji sunka tsattsage. Gidan wanzamai ba magani na?"

Anka yi dariya.

Na ce, "Bube, riƙe kunnenka, ban taɓa yanke na kowa ba, kada in fara da kai."

"A'a, tambaya nake. Ko maganin ya ƙare a zabira? An ce har Sakkwato anka gan shi layin asibiti. Ɗan Ƙasimu guda, wanda ya kwana bisa tsamiya!"

Da na yi shiru, da dariya ta mutu nan take, kowa ya kama gabansa. Amma an taɓa zabira, ga mutane suna kallon bakina. Na ɗaga aska sama na ce, "Da ya tsaya gidan ubansa da ba haka ba! Maganin Nasara ya je ya kwaso, na shafawa da na haɗiya. Wata biyu ke nan, kai sai zuba yake kamar gero a masussuka. Kuma shi likitan da bakinsa ya ce abin shina kashe wa namiji ƙarfi. Ku dubi yaran zamani, a sayar da sa don a sayi ƙaho!"

Ba wanda ya yi dariya sai wani ɗan kabu-kabu. Bube ya ɗago kai, sabulu rabin fuska, ya dube ni. Ya ce a hankali, "Ƙasimu, ni wasa nake."

Uwaisu da Mahbuba shekararsu uku da aure a lokacin, Allah bai kawo haihuwa ba. Na san da haka. Kowa a inuwar nan ya sani. Maganin kuwa wata biyu kacal ya yi yana sha, amma wa zai tsaya lissafi? Maganar ta hau mashin ta riga ni zuwa gida. Kafin Juma'a, har ta kai Marnona, garin iyayen Mahbuba. Ubanta Malam Siddiq, mutum mai kunya, ya aiko a ce wa Uwaisu in da wata lalura kada ya ɓoye, akwai masu taimako. Matan unguwa sunka riƙa shiga wurin Mahbuba da sannu da haƙuri kamar an yi mata rasuwa.

Ranar Juma'a na jiƙa sabulu. Ya shigo zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, hularsa na kansa.

Ya ce, "Baba, kai nawa kunka aske a duniya?"

Na ce, "Wa ya ƙirga? Sun fi shanun Bube da na kakansa."

"Na wa kunka taɓa faɗi a kasuwa?"

Na ce ai Bube ne ya ja ni. Na ce don tsoron lafiyarsa na yi. Na ce ni na haife shi, in na ga dama in faɗi abin da ya fi haka. Ya bari har na ƙare, bai katse ni ba.

Ya ce, "Da ba ɗanku ba ne ni, da kun rufa mini."

Ya tashi ya fita. Bayan mako biyu ya kama haya Rabah, ya ce hanya ba ta da kyau, zirga-zirga ta yi yawa. Kowa ya ce haka ne, hanya ba kyau.

Habi, uwarsa, ba ta yi mini faɗa da yawa ba. Ta aje mini fura ta ce, "Shekara arba'in ina jin labarin tsamiyarka da 'yan bindigarka. Ga Rabah nan, ba tsamiya ba bindiga, ka je ka ce ka yi kuskure." Na ce ba shekara arba'in ba ne, ruwan bai daɗe haka ba. Ta ɗauke ludayinta ta shige.

Na je, kada ku ce ban je ba. Na hau mashin har ƙofar gidansa. Ya shimfiɗa mini tabarma, Mahbuba ta kawo ruwa ta gaishe ni daga nesa. Kalmar tana bakina tun daga Wurno. Da na buɗe baki sai na ji ina ba shi labarin daidai wurin da anka tare mu a hanya, da yadda na ce wa mai bindiga ya matsa ya ba ni inuwa. Ya saurara kamar bai taɓa ji ba. Anka kira la'asar, ya raka ni bakin titi.

Sauran labarinsa wurin Habi nake ji, don ita tana zuwa. Ta ce bai daina maganin ba. Ta ce duk bayan wata uku shina komawa wurin likitan. Da Mahbuba ta sami ciki, ta ce ya kwashe na haɗiyar ya kulle a durowar ofis, don kada ko da mantuwa hannunta ya kai.

Namiji ta haifa. Ranar suna na saɓa zabira tun da safe, ban sani ba ko ni za a ba askin ko an kira wani. Na tarar ba a kira kowa ba. Anka raɗa wa yaro Zaharaddeen, anka miƙo mini shi cikin zane. Na aske shi tas, hannuna bai yi rawa ba ko sau ɗaya, ina da shekara saba'in da huɗu. Malam Siddiq ya ce bai taɓa ganin hannu irin wannan ba. Na ce ba zai gani ba.

Da azahar ta yi, Uwaisu ya tsuguna bakin rariya da buta. Ina bayansa, taku uku. Ya ture hula baya don shafar kai, na gani. Goshin bai dawo ba, yana nan inda ya tsaya. Amma tsakar kai ta rufe, gashi baƙi, gajere, ba mai kauri sosai ba, irin tsiron da ke fitowa bayan ruwan fari. Wanda ya yi masa askin, da inji ya yi, ya bar ƙeya a karkace, gefen hagu ya fi na dama tsawo da faɗin yatsa.

Na matsa kusa. Na ce, "Abin ya yi aiki."

Ya ce, "Ya ɗan yi, Baba."

"Ni na ce ba zai yi ba."

Ya ci gaba da wanke ƙafa.

Na ce, "Uwaisu, abin da na yi a kasuwa, ko bare ban taɓa yi wa ba. Ban kyauta ba."

Ya aje buta. Ya ce, "Ya wuce, Baba. Na yafe tun tuni."

Na dafa zabira na ce, "To zo zaure in daidaita maka ƙeyar ga, wanga yaro na inji ya ɓata ta. Almakashi kawai, ba aska."

Ya kai hannu ya jawo hular gaba, ya danna ta har ta rufe goshi.

Ya ce, "Ku bar shi haka. Mu je, za a ta da salla."

Ya wuce gaba, na bi shi a baya, ina kallon ƙeyar.