Ninki Mai Santsi

Ƙyallen yana shimfiɗe a kan tabarma, fari, faɗinsa kamar zanen goyo. A tsakiyarsa an ɗinka wani dunƙule mai kama da ƙwallon goruba. A gefen dunƙulen tsummoki ne aka ninka aka sake ninkawa, layi bayan layi, kamar zannuwa a adaka. Rabin ninkin an bi shi da ƙananan duwatsun ado shuɗɗa. Sauran rabin babu komai.

Kubura ta daɗe tana kallon rabin da babu komai.

Aikin Zinariya ne, 'yarta, wadda sanƙarau ya ɗauke da bazara tana ajin ƙarshe na sakandare a nan Daura. Kubura ba ta taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, akwai kunya. "Ke" take ce mata, in da mutane kuma "yarinyar nan". Ko ranar da aka fita da gawar, mata suna kuka a tsakar gida, ita tana ɗaki tana haɗiye nata, kada a ce ba ta da kara.

Malama Siddiƙa, mai koya musu ilimin halittu, ba ta da wannan takunkumin. Ranar gaisuwa ta zauna tana Zinariya kaza, Zinariya kaza, sunan yana fita daga bakinta kamar ita ta raɗa shi. Ta yi kuka har hijabinta ya jiƙe, mata suka taru suna ba ta haƙuri. Ita ake ba haƙuri, a gidan Kubura. Da za ta tafi ta ce akwai wani aiki da marigayiyar ta yi, in an yarda za ta dawo bayan sadakar arba'in ta karɓa, a rataye shi a makaranta.

"Allah ya kai mu," in ji Kubura.

Ai ta san aikin. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa yana taka-tsantsan, har Malam Harisu, uban yarinyar, ya kai ƙyallen wurin liman ya tambaya ko hoton mai rai ne. Liman ya jujjuya shi ya ce abin da ba kai ba ido, ko tumbin rago ne aka zana, babu laifi.

Da la'asar yarinyar kan zauna kusa da murhu da allurarta, Kubura tana matse man gyaɗa daga tunkuza.

"Inna, jikin mutum duk ƙananan ɗakuna ne, ido ba ya ganinsu. Kusan kowane ɗaki akwai wannan ninkin a ciki. Sunansa endofilasmik retikulum."

"Suna ne ko zagi?"

Yarinyar ta yi dariya har allura ta soke ta. "Malama ta ce a nan ake haɗa abin da ke gina jiki, a naɗe shi, a tura shi inda ake bukata."

Malama ta ce. Kullum Malama ta ce. Duwatsun ma Malama ce ta sayo mata.

"Shi kuma wannan ɓangaren, Inna..."

"Ke, tashi ki iza wuta, ƙuli-ƙulin zai sha mai."

Yanzu arba'in ta matso, ga rabin ninki tsirara. Kubura ta ce a ranta ajali ne ya riski yarinyar ba ta gama ba, duwatsun Malama sun ƙare a hanya. Ta buɗe adaka ta ciro tsohuwar jigidarta ta aure, ta tsinke zaren, jajayen ƙwayoyi suka zube a faifai. Kowace hantsi, in Malam Harisu ya fita da raguna zuwa kasuwa, sai ta zauna ta bi ninkin tana ɗinkawa. Ta lura da tazarar da yarinyar ke bari tsakanin dutse da dutse, ta bi ta daidai. In Malama ta zo, za ta tarar rabi nata ne. Ba a raba uwa da abin da hannunta ya taɓa.

Malama Siddiƙa ta zo ranar wata Asabar. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, ya ƙarin haƙuri?"

Har "Innar" ma ta ara. Kubura ta amsa, ta kawo ruwa, sannan ta warware ƙyallen a gabanta ta koma gefe tana jira.

Malama ta sunkuya kan ƙyallen. Ta kai yatsa kan jajayen ƙwayoyin, ta janye.

"Inna, wa ya taɓa nan?"

"Ni ce. Ba ta gama ba, na ƙarasa mata."

"Ai ta gama."

Kaza ta ratsa tsakar gida, babu wanda ya kore ta.

"Iri biyu ne," in ji Malama, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wannan mai duwatsun shi ne mai kaushi. Kowane dutse wurin da ake haɗa abin gina jiki ne. Wancan kuwa haka Allah ya yi shi, santsi, ba ya ɗauke da ko ɗaya. Aikinsa daban ne. Shi ke yin maiƙo, a hanta kuma shi ke karya dafin abin da mutum ya sha. Da gangan ta bar shi."

Garin neman gira an rasa ido. Kubura ta ji fuskarta ta yi zafi, amma ta dake.

"To yanzu fa?"

"In na rataye shi haka, yara za su koyi kuskure. Ki riƙe shi, Inna. Dama ke kika fi cancanta."

Abin da take so ke nan. An miƙo mata shi kamar yadda ake miƙa wa yaro abin da ya riga ya fasa.

Malama ta share ido da gefen hijabi, sai kuma ta yi murmushi ita kaɗai.

"Ranar da Zinariya ta kawo shi aji, ta ɗora sanda a kan mai santsin ta ce, wannan Innata ce. Ba ado, ba surutu, sai dai a ga mai yana fita. Ajin duka aka yi dariya."

"A aji ta faɗa?"

"A gaban kowa."

"Ke kina wurin."

"Ina wurin."

Kubura ta dubi matar nan da kyau. Yarinya ce ma, ba ta kai ƙanwarta ba, ba ta taɓa goya kowa ba. Amma ga shi tana yawo da magana irin wannan a cikinta, ta ajiye ta tun kafin bazara, ta fito da ita yau kamar canjin da ya maƙale a jaka.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da reza da faifai. Ta ja ƙyallen kan cinyarta ta fara yanke zaren. Ƙwaya ta farko ta faɗa faifai ta gangara.

"Inna, bari in taya ki."

Kubura ta janye ƙyallen zuwa gefenta. Malama ta mayar da hannunta.

Jajayen ƙwayoyin suna zuba, ninkin yana komawa santsi, sai dai duk inda allura ta bi ta bar ɗan rami. Kubura ta shafa wurin da babban yatsa, ramukan ba su ɓace ba. Akwai wata tambaya a ranta, ba ta son ta fito a gaban wannan matar, kuma babu wani a duniya da za ta yi wa ita.

Ba ta ɗaga kai ba.

"Me kuma yarinyar nan ta ce?"

Malama Siddiƙa ta gyara zama.

"Wata rana Zinariya..."

Leɓɓan Kubura suka motsa tare da sunan, ba sauti. Ta ci gaba da yanke zaren.