A Sauke Min

A kan kujerar roba suka sauko da Baba Hamad, don asansir ɗin gidan, na'urar hawa bene, ya daɗe da mutuwa, har bawwab mai gadin ƙofa ya gaji da yin alkawarin gyara. Bawwab ɗin ne ya kama bayan kujerar, Munkaila ya kama ƙafafunta yana sauka da baya da baya, gwiwoyinsa suna ƙara. Fatna, 'yar tsohon, tana biye da su da takalman ubanta a hannu.

A hawa na biyu tsohon ya miƙo hannun da bai shanye ba, ya damƙi wuyan rigar Munkaila. Bakinsa ya karkace, maganar na fita da ƙyar.

"A sauke... Duktur, a sauke min."

"Ai sauke ka muke yi, Baba. Saura kaɗan."

Tsohon ya girgiza kai, ya sake faɗa, ya kuma faɗa. Har aka sa shi a motar asibiti bai daina ba. Fatna, wadda a Alƙahira ta girma, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da cefane ba, ta dubi Munkaila ido duk hawaye.

"Ya ustaz, me Baba yake so?"

Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan littattafan addini, in ya ji mara lafiya ya ce a sauke, abu ɗaya ne zai zo masa.

"Alƙur'ani yake so a sauke masa," in ji Munkaila. "Khalas, shi ke nan, bar wannan a hannuna."

Baba Hamad Bahaushen Sudan ne, jikan waɗanda suka taso Makka a ƙafa suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Ya yi aikin jirgin ƙasa har ya tsufa. Ƙofarsa na kallon ta Munkaila a unguwar Hayyus Sabi', kuma shi ya laƙaba masa Duktur tun yana babi na biyu na kundin digirinsa. Yanzu furfura ta cinye gemun Munkaila, kundin na nan, shi ma yana nan, kowace shekara yana bin layin sabunta iƙama, takardar zama, tare da yaran da a shekaru ya haife su. Daga gida Maraɗi an daina tambayarsa yaushe zai dawo, abin da ya fi tambayar ciwo.

Falon tsohon kuwa, bango biyu duk bindigogin iska ne, tsofaffi, na Ingila da na Jamus, waɗanda ya tsinto a kasuwar Juma'a da hannun magadan da ba su san darajarsu ba. Masu kuɗi sun sha hawowa har sama su taya, ya ba su shayi ya raka su ƙofa. Ko tantabara bai taɓa harbi ba. Aikinsa shi ne ya shafa wa fatar cikinsu mai, ya goge katako, ya yi wa Munkaila wa'azin sifirin, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tura iskar.

"Kar ka harba ta babu harsashin dalma a ciki, sai ta fasa kanta. Kuma kar ka bar ta ta kwana a ɗane. Ƙarfe ma yana gajiya, Duktur, in ya gaji ba ya dawowa."

Wadda ya fi ji da ita yana kiranta Tsohuwa, wani injiniyan jirgi Bature ne ya bar wa ubansa. Tana da hannun ɗanawa a ƙarƙashin bututu, mai taurin gaske. An fi shekara biyu rabon da ƙarfin Baba Hamad ya kai ya ja hannun nan, sai dai ya ɗora ta a cinya ya yi ta shafawa. Munkaila yakan ji wa'azin da rabin kunne, yana kurɓar shayi, yana tunanin malaminsa da ya sake dawo masa da babi na huɗu.

Washegari bayan La'asar ya tara ɗalibai a falonsa, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, aka rarraba izu, aka zauna gwiwa da gwiwa. Kafin Magariba an sauke, an yi addu'a, matarsa ta fito da fanke da shayi. Munkaila ya ji ya sauke nauyi, rabon da ya fara abu ya ga ƙarshensa har ya manta.

Da safe ya tafi asibiti. Tsohon ya ƙanƙance a kan gadon, roba a hanci, idonsa na kan ƙofa. Fatna ta ce tun da aka kawo shi bai runtsa ba, likita ya ce a yi ta addu'a kawai.

Munkaila ya sunkuya saitin kunnensa. "Baba, an sauke. Jiya da yamma."

Kafaɗun tsohon suka saki. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Ya motsa baki, Munkaila ya ƙara matsowa.

"A hankali? Ka riƙe... hannun da kyau? Tana da ƙarfi... Tsohuwa."

Sai yanzu Munkaila ya tuna inda suka tsinci tsohon, a ƙasa kusa da tebur, numfashi sama sama, tafin hannunsa duk man bindiga. Ashe ya gwada ƙarfinsa, ya kuma yi nasara, nasarar ce ta kayar da shi. Tun ranar Tsohuwa na kwance a ɗane, ita yake cewa a sauke, ba Alƙur'ani ba.

Tsohon na jiran amsa. Munkaila bai saba ƙarya ba, ko ta wasa ba ya iyawa, amma ya dubi idanun nan da suka kwana biyu a buɗe.

"A hankali, Baba. Tamam."

Baba Hamad ya lumshe ido.

A bakin ƙofa Munkaila ya ce wa Fatna ta ba shi makullin gidan.

"Yanzu? Ya ustaz, ka zauna da mu, ba ka ga yadda yake ba?"

"Ma'alesh, Fatna, yi haƙuri. Akwai abin da na gaya masa an yi, ba a yi ba tukuna."

Ba ta gane ba, amma ta ba shi.

Alƙahira ba ta san sauri ba sai a baki. Direban ƙaramar bas ɗin yana ta "yalla, yalla", motar kuwa ba ta motsi, titi ya cushe, kowa ya danne hon. Munkaila ya zauna a matse tsakanin wani mai buhun albasa da taga, yana gumi, yana roƙon Allah abu ɗaya: kada a karɓi ran tsohon nan alhali maganar ƙarshe da ya ji daga bakin maƙwabcinsa ƙarya ce. Da ya ga tafiyar ba ta yi, ya sauka ya ƙarasa a ƙafa, ya hau benen yana dafa bango.

Falon na warin mai da tsohon katako. Kofin shayin tsohon na nan, ya yi baƙin zobe. Tsohuwa na kwance a kan tebur bisa tawul, kamar ba ita ta yi aikin ba.

Ya zauna a kujerar Baba Hamad, ya kafa gindin bindigar a cinyarsa yadda ya sha gani da rabin ido. Ya ja hannun ɗanawar har ƙarshe, ya riƙe shi gam da hagu, ya sa yatsan dama a kan kunama ya danna. Duk nauyin ƙarfen ya dawo cikin hannunsa lokaci guda, har kafaɗarsa ta amsa. Bai san akwai ƙarfi irin wannan a cikin abin da ya girmi ubansa ba.

A daidai nan wayarsa ta fara ƙara a aljihu.

Ya san Fatna ce, ya san saƙon. Hannu biyu gare shi, kuma in ya saki ɗaya, ƙarfen zai fizge ya fasa abin da tsohon ya yi rayuwa yana lallaɓawa. Sai ya bar wayar tana kuka, ya ci gaba da sakin hannun kaɗan kaɗan, damtsensa na rawa, gumi na shiga masa ido. Iska ta riƙa fita ta bakin bututun siririya, da 'yar ƙara kamar numfashin mai barci. Hannun ya koma mazauninsa ya ce ƙyas.

Wayar ta yi shiru. Ko kafin ya sauke ta ne ran tsohon ya fita, ko bayan, Munkaila bai iya tantancewa ba, kuma babu wanda zai tambaya.

Bai ciro ta ba tukuna. Ya ɗauki tsumman man da ke gefen kofin, ya goge sawun yatsunsa daga jikin katakon, ya miƙe ya rataye Tsohuwa a kan ƙusoshinta biyu, a gurbin da fentin bangon ya fi haske.