Keken da Ba Ya Tsayawa

Shekara goma sha huɗu rabona da keke lokacin da na sake ɗora ƙafa a kansa, kuma wallahi ba don marmari ba.

A Lakwaja na koya, ina da sauran ƙarfina, ina yi wa wani Bature wanki. A guje nake tura keken in daka tsalle in faɗa sirdi, mata suna guɗa. Daga baya na shiga dako, Ngawundere, Tibati, in dawo, har gwiwata ta dama ta ce ta gaji. Haka na yada zango a Garwa zamanin Jamus, na zama masinja a wani kanti na bakin Binuwai. Aikina in ɗauki takarda daga kanti in kai bariki, in karɓo amsa in dawo, wata rana sau uku.

Ni Dauda ba ni da kowa a garin nan. Matata Fanta ta rasu damina biyu kafin wannan labari, ba ta bar mini ɗa ba. Fulatancina kuwa na sayen nono ne, daga gaisuwar "jam na" sai "jam", sai murmushi. Mutum ɗaya nake da shi, Baba Kolo, wani tsohon Babarbare baduku da zaurensa ke kan hanyar bariki. Ranar da muka binne Fanta shi ya kama hannuna ya ce, "Daga yau akushinka yana nan." Shi ke nan. Kullum in zan wuce sai in tuɓe takalmi in durƙusa mu gaisa, in tambayi bayansa ya tambayi gwiwata, in sha ruwa a randarsa. Bayan magariba 'yarsa Hajjo, wata bazawara mai faɗa, ta miƙo tuwo, mu ci mu uku da Abakar mahauci. Abin da ya rage mini a duniya ke nan.

Sai ruwa ya cika, jirgi ya zo, aka sauke wa Baturen kantinmu keke. Baƙi wuluk, dogo kamar mai shi. Ya tara mu ya tambaya ta bakin tafinta ko akwai wanda ya iya. Bakin nan nawa da ba ya jin magana ya ce, "Ni."

Na kama kan keken na tura a guje kamar dā, na ce bismillah zan daka tsalle, gwiwa ta ce ba da ita ba. Kai, na sha ƙasa! Leburori suka kwashe da dariya. Na tashi na kakkaɓe, na ja keken zuwa dakalin kanti, na taka dakalin, na zura ƙafa a hankali na zauna. Na danna. Ya karkata hagu, ya karkata dama, sai ga shi ya miƙe. Ashe jiki bai manta ba. Iska ta cika mini riga, na kaɗa ƙararrawa, kaji suka watse, na ji ni ɗan shekara talatin. Tun mutuwar Fanta ban yi dariya ni kaɗai ba sai ran nan.

Amma ga inda gizo ke saƙar: ina iya tafiya, ina iya sauka, ba na iya hawa sai da abin takawa. Kanti akwai dakali, bariki akwai matakala. Tsakaninsu kuwa rairayi ne da taɓo, ko kututture babu.

Ranar farko na wuce zauren Baba Kolo ina ƙwala sallama daga kan sirdi. Na ɗaga hannu ɗaya, saura kaɗan in shiga dangar mutane. Da yamma Abakar ya tare ni tun ban zauna ba.

"A'a, ranka ya daɗe, mai dokin ƙarfe! Yau mu talakawa daga sama aka jefo mana gaisuwa kamar ana jefa wa kare ƙashi. Ko dogaran Lamiɗo in sun zo ƙofar nan sukan ja linzami."

Baba Kolo bai yi dariya ba. Ya gutsuri tuwo ya ce, "Dauda, dokin naka ba ya tsayawa ne?"

Na ce, "Yana tsayawa, Baba."

Washegari na tsaya. Na sauka, na tuɓe takalmi, muka gaisa har da tambayar kwanan kaji. Da na miƙe zan tafi na waiga hagu da dama, babu abin takawa, ga Abakar a rumfarsa ya ajiye wuƙa ya zuba mini ido. Sai na ce, "Bari in ɗan tura shi, ƙarfe ma yana son hutu." Na tura har na sha kwana. A can na ga wani shuri, na taka, ya rufta da ni. Ni da keke da takardar Bature duk muka kwanta a taɓo. Na isa bariki a ƙafa, rana ta take, tawada ta zama kunu. Baturenmu ya yi ja kamar gauta, ya ce in ban iya ba in faɗa, akwai masu ƙafa biyu lafiyayyu.

To, me ya hana ni in je in ce, "Baba, gwiwata ce, ba na iya hawa"? Kalma nawa ce? Amma ni da na cika musu kunne da labarin Lakwaja, ni da mata suka yi wa guɗa, in buɗe baki gaban Abakar in ce sai an ba ni matakala kamar amarya za ta hau doki? Da yamma aka tambaye ni taɓon rigata, na ce Bature ne ya hana tsayawa a hanya. Baba Kolo ya dube ni, ya dubi gwiwata, ya ce, "To, madalla."

Da gari ya waye na kasa bin hanyar. In wuce tsoho a guje ba gaisuwa, ban iya ba. In tsaya, ban iya ba. Sai na zaga ta bayan unguwar Pumpumre, inda ba wanda ya san sunana. Da magariba ta yi na ɗauki hulata zan tafi cin tuwo, sai na tuna za a ce yau ko ƙararrawa ba a ji ba, ta ina ka bi? Na ajiye hular na ce gobe.

Goben nan ita ta cinye ni. Kwana uku suka zama bakwai, kunyar rashin zuwa ta fi kunyar gwiwa, kullum tana ƙara nauyi. Na koma sayen gasasshen kifi a bakin kogi in ci a ɗakina, keken yana jingine a bango. Har magana na fara yi masa. In goge masa sarƙa da man gyaɗa in ce, "Kai dai ba ruwanka, ba ka da wanda za ka gaisar." Na san garin Garwa a lokacin fiye da kowa, lungu-lungu, inda rairayi ke riƙe taya da inda karnuka suke. Amma da ƙafa nakan gaisa da mutum talatin kafin in kai bariki. A kan keke sai yara su bi ni da ihu, manya su kauce su bi ni da kallo. Wata rana nakan wuni ban ji an kira sunana ba. Na yi kewar tsohon nan, Allah ya sani.

Sau ɗaya Abakar ya hango ni a kasuwa ya ɗaga murya, "Dauda! Baba na cigiyarka!" Na kaɗa ƙararrawa na ce ina tafe. Na ƙara wuta.

Kwana arba'in da biyu, na ƙirga su daga baya. Ran nan da hantsi na fito daga bariki sai na ci karo da mutane suna dawowa daga maƙabarta, Abakar a gaba da fartanya a kafaɗa. Na sauka ban san na sauka ba. Bai zolaye ni ba, da ma ya zolaye ni. Ya ce, "Zazzaɓi ne, kwana huɗu. Mun aika kanti, aka ce kana hanya."

Na tura keken har ƙofar zauren Baba Kolo. Tabarmarsa na nan, da fatun da bai gama ɗinkawa ba. A gefen ƙofa, daidai bakin hanya, ga wani tsohon turmi a kife, an haƙa ƙasa an dasa shi an daddale gindinsa.

Hajjo ta fito zaure, idonta jawur. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta amsa a taƙaice, ta ga ina duban turmin.

"Naka ne, Malam Dauda," in ji ta. "Tun daren da ka zo da taɓo a riga ya sa na fito da shi. Ya ce, 'Ba Bature ba ne, gwiwarsa ce.' Da kansa ya je kanti da sandarsa ya auno dakalinku, ya dawo ya haƙa. Na ce bari in aika a gaya maka, ya ce kul, kada a ba ka kunya, in ka zo wucewa za ka gani da idonka, ba sai an yi magana ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Kullum nan yake zama. Ko akuya ce ta wuce da ƙararrawa sai ya ɗaga kai."

Na zauna tare da masu zaman makoki har azahar, takardar Bature tana aljihuna. Da muka yi salla na kama keken zan tura, Hajjo ta leƙo ta ce da faɗan nan nata, "Haba Malam, ka taka mana! Ko sau ɗaya ne."

Na taka. Bai motsa ba, kuma tsayinsa daidai da dakalin kanti, ko yatsa bai ƙaru ba. Na zura ƙafa na zauna a sirdi ba tare da gwiwata ta ce uffan ba. Sai na juya wajen tabarmar don in ce na tafi, Baba.