Matakin da Kawu Bai Rubuta Ba

Shekara goma sha ɗaya Kawu bai taɓa yin nesa da ofis fiye da kwana uku ba. Ba don son aiki ba ne kawai. Kamfaninsu ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu a saman wani shagon gyaran fanka, kuma abu ɗaya suke sayarwa: manhajar da masu kantin magani ke sakawa a kwamfutarsu ta tebur, tana nuna musu maganin da ya kusa lalacewa, tana buga takardar da ake liƙa wa kwalba. Mutum huɗu ke rubuta ta. Amma idan an zo haɗa rubutun nan ya zama abin da mai kanti zai danna ya buɗe, Kawu kaɗai ya iya, kuma a kan kwamfutarsa kaɗai yake yiwuwa.

Sai ga likita ya sa wa matarsa ranar tiyata a wani asibiti mai nisan tafiyar yini guda, za ta kwanta mako shida. Manaja ya yi masa jaje sosai, har da dafa kafaɗa, sannan ya ce ya tafi da zarar manhajar ta iya haɗuwa ba shi. Saura kwana biyar.

Aka ɗora aikin a kan Sabuwa. Shekararta uku a ofishin, ta haifi 'ya a tsakani, amma tunda ba a ɗauki kowa bayanta ba sunan ya zauna mata. Ta ce za ta saita wata manhajar haɗi a tsohuwar kwamfutar da ke kusurwa kusa da firinta: a rubuta mata matakan sau ɗaya, duk wanda ya tura gyara, ita za ta haɗa komai da kanta. Abin da take buƙata daga Kawu shi ne matakan.

Ya rubuta mata su a takarda da biro, guda tara, da rubutunsa mai kyau irin na mutanen da. Kwana biyu tana fama. Ashe wani ɓangaren da manhajar ke dogara da shi an daina yayinsa tun tuni, sai a kwamfutar Kawu ake samunsa, ta kwafo shi ta ajiye inda kowa zai gani. Ranar Laraba da hantsi layukan suka gama gudu a allo, rubutu kore ya fito. Aka taru a bayanta har da Manaja. Ta danna, tagar manhajar ta buɗe a allo.

Maɓallan duk suna nan a jere, amma fayau, babu hoto ko ɗaya a kansu. Babu ɗan hoton firinta, babu kwalba, babu jan agogon da ke nuna magani ya kusa lalacewa. Masu kanti kuwa ba sa karanta rubutun da ke ƙasa, hoton suke bi. A haka ba za a iya tura ta ko'ina ba.

Abin kunya, wanda Kawu bai gaya wa kowa ba, shi ne sanyin da ya ji a ransa. Matarsa na gida tana ninke kayan asibiti, shi kuma ga shi nan yana jin daɗi don na'ura ta kasa yin aikinsa. Ya tsani kansa a wannan lokacin, kuma haushin ya fita ta bakinsa a kan Sabuwa. Ya ce shi dai ya ba ta tara cif, idan an samu matsala a nemi wanda ya kwafa.

 Sabuwa ta bi takardar layi-layi har sau uku, ta ci abincin rana a gaban allo. Da la'asar ta jawo kujerarta zuwa teburinsa.

"Kawu, ka haɗa ta da hannu yadda ka saba. Kada ka yi mini bayani. Kallo kawai zan yi."

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya gyara tabarau, ya fara. Na ɗaya, na biyu, har na shida, inda kwamfutar ke ɗaukar kamar minti huɗu tana nishi. Ya jingina, ya kurɓi shayinsa da ya huce, yana ba ta labarin yadda mai gyaran fankan ƙasa ya ƙona musu fis ɗin wutar lantarki bara. Yana cikin labarin hannunsa na dama ya kama linzamin kwamfuta, ya je can ƙasan allo, ya jawo wata 'yar folda, ya sake ta cikin wata taga, ya koma kan kofi.

"Tsaya. Mene ne wannan?"

"Wanne? Jira nake yi."

"Hannunka ba jira yake yi ba."

Ya duba. Foldar hotunan maɓallai ce. Wanda ya zana su ya bar kamfanin tun shekarar farko, ya miƙa wa Kawu su a filashi, shi kuma ya ajiye a fuskar kwamfutarsa da niyyar zai sa su inda ya dace gobe. Tun daga ranar, duk haɗin da aka yi, hannunsa ke kai su a cikin mintunan jira, har kansa ya daina lissafa abin a cikin aiki. Da za a rantsar da shi, da ya rantse tara ne.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da gefen riga. Ya ba ta haƙuri a kan maganar safe. Ta ce ba komai, ita ma da ita ce da haka za ta yi, sannan ta tambaye shi ko akwai wani abin da hannun nan ke yi a ɓoye, a kama shi tun yanzu. Suka sake haɗawa sau biyu tana zuba masa ido kamar mai gadin jarrabawa. Ba a ƙara kama komai ba.

Ta sa hotunan cikin ma'ajiyar kowa, ta ƙara layi uku a matakan haɗin. Washegari da safe ta sa aka kashe kwamfutar Kawu gaba ɗaya, aka zare wayarta daga bango. Ta kusurwa ta haɗa manhajar ita kaɗai, taga ta buɗe da firinta da kwalba da jan agogo, kowanne a mazauninsa. Manaja ya sa hannu a takardar hutu a tsaye.

Kawu ya fita kan matakala, inda ƙarar fankokin ƙasa ba ta kai sosai, ya kira matarsa. Ya ce an gama, tare za su tafi.



"Ai na riga na gaya wa ƙanena ya shirya ya raka ni," ta ce a hankali. "Tun ranar da likita ya faɗa. Ban sa rai za ka iya ba, kuma ban so in sa ka a tsaka mai wuya."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya sa ta fi yi masa ciwo. Ya zauna a kan matakalar, ya ce ta kira ƙanen nata ta ce ya kwance kayansa.

Ya ji ta ja hanci. Sannan ta ce idan ya tashi ya biya kasuwa ya sayo jakar tafiya, don tasa ta bayar da ita tun shekaru biyar da suka wuce, bai ma lura ba.